Yadda Ake Auna Ƙwayoyin Cututtukan Numfashi a Iskar Asibiti da Saman Kayayyaki

Ƙwayoyin bairos da ke kama hanyoyin numfashi, irin su na infuluwenza da korona da RSV mai yawan kwantar da jarirai, ba a jikin mara lafiya kaɗai suke tsayawa ba. Duk lokacin da ya yi tari ko atishawa ko magana, kai ko da numfashi ne kawai, yana fitar da ɗigo-ɗigon danshi masu girma daban-daban. Manyan sukan sauka nan kusa, a kan bargo da ƙarfen gado da kwanon abinci, ƙananan kuwa sai su ci gaba da yawo a ɗaki har a sami iskar waje da za ta kore su. Wannan bayani na ma'aikatan asibiti ne da ke son sanin yawan abin da ke cikin iskar ɗakunansu da saman kayayyakinsu, wato 'yan kwamitin hana yaɗuwar cututtuka da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ɗaliban da ke shirin bincike. An yi la'akari da yanayin Jos musamman, domin sanyinta da tudunta da ƙurar hunturunta suna shafar aikin ta fuskokin da takardar umarnin na'ura ba ta ambata ba.

Tambayar da ake son amsawa

Kafin a taɓa ko tsinke ɗaya, a zauna a rubuta tambayar da awon zai amsa, kuma ta zama wadda amsarta za ta sa a sauya wani abu a ɗakin. Tambayar ko akwai ƙwayar cuta a ɗakin masu ciwon ƙirji ba ta da amfani, domin kowa ya san amsarta. Tambaya mai amfani ita ce irin wannan: shin ƙwayar tana kaiwa teburin nas-nas da ke ƙarshen ɗaki? Shin goge-gogen safe yana kawar da ita daga hannun ƙofa da kan famfo? Shin rufe tagogi da daddare a watan Janairu yana tara ta fiye da yadda take da rana? Kowace daga cikin waɗannan tana nuna inda za a ajiye na'ura da lokacin da za a ɗauki samfur da abin da za a kwatanta shi da shi. A ganina mafi yawan kuɗin da ake asara a wannan aiki a nan ake asararsa, domin samfur hamsin da aka kwaso ba tare da tsari ba bai kai goma sha biyu da aka ɗauka bibbiyu, kafin shara da bayanta, amfani ba.

Lokaci ma wani ɓangare ne na tambayar. Mai ɗauke da infuluwenza ko korona ya fi zubar da ƙwayar a kwanakin farko na ciwo, kuma binciken da aka yi a ɗakunan killace masu korona a Singafo a 2020 ya nuna cewa gurɓatar kayayyaki ta fi yawa a makon farko. Wanda aka kawo asibiti bayan ya kwana goma yana jinya a gida zai iya kasancewa cikin mawuyacin hali alhali abin da yake fitarwa ya ragu ƙwarai. Saboda haka a rubuta ranar da ciwon kowane mara lafiya ya fara, kuma in da hali a ɗauki samfur daga hancinsa a ranar da ake auna ɗakinsa.

Izini da shiri

A nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, a sanar da shugabar nas-nas ta ɗakin, sannan a yi wa marasa lafiya da masu jinyarsu bayani da harshen da suke ji. Na'ura mai ƙugi a gefen gado takan tayar da hankali, don haka a faɗi gaskiya a taƙaice: "Baba, wannan iskar ɗaki kawai take zuƙa, ba magani ba ce, ba ta ɗaukar murya ko hoto, kuma idan ƙararta ta dame ka, ka faɗa mana mu matsar da ita." Masu shara da goge-goge su ma a gaya musu cewa ba laifinsu aka zo nema ba. Idan suka ɗauka jarrabawa ce, za su yi gugar da ba su saba yi ba, sakamakon kuma ya fito da tsabtar da babu ita a sauran ranaku.

A kammala magana da ɗakin gwaje-gwaje tun kafin ranar aiki. A Filato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta daɗe tana aiki a kan murar tsuntsaye kuma ta yi gwajin korona a 2020. A Abuja akwai babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Gaduwa. Ko ina aka zaɓa, a tabbatar sun yarda su karɓi samfurin muhalli, wato na iska da saman kayayyaki, domin sarrafa shi ya bambanta da na majinyaci, a kuma ji irin ruwan ajiyar da suke so, wato ruwan da ake saka samfur a ciki kafin a kai shi gwaji, da ranakun da suke karɓa. Mai ɗaukar samfur zai sa takunkumin N95 da ya zauna daidai a fuskarsa da abin kare ido da rigar kariya da safar hannu. Idan shi kansa yana fama da mura, ya bar wa wani aikin, domin numfashinsa kaɗai ya isa ya ɓata sakamako.

Ɗaukar samfurin iska

Dukkan na'urorin dabara ɗaya suke bi: injin yana zuƙo iska mai sanannen yawa, ya bi da ita ta wani abu da ke kama ɗigon da ke cikinta. Bambancinsu shi ne abin da ke kamawa da saurin zuƙa.

Mafi sauƙi ita ce matata, ko dai ta roba mai suna PTFE a cikin ɗan gwangwanin roba mai faɗin milimita 37, ko ta gelatin irin wadda na'urar MD8 ta kamfanin Sartorius ke amfani da ita. MD8 tana iya zuƙar lita 50 a minti, wato a cikin minti 20 ta tace kubik mita ɗaya na iska, kuma gelatin ɗin yana narkewa a ruwan ajiya, abin da ke sauƙaƙa fitar da ƙwayar. Akwai kuma ƙaramar na'urar da cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ƙera, wadda ke juya iska kamar guguwa a lita 3.5 a minti, tana raba ɗigon gida uku: wanda ya haura maikiromita 4 (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), wanda ke tsakanin 1 da 4, da wanda bai kai 1 ba. Wannan rabo yana da muhimmanci domin ƙananan ne ke daɗewa a iska kuma su ne ke shiga can cikin huhu. Da irinta aka auna sashen taimakon gaggawa na wani asibiti a Amurka, a binciken da aka wallafa a 2009, aka tarar fiye da rabin ƙwayar infuluwenzar da aka kama tana cikin ɗigon da ake iya shaƙa har huhu. Sai masu kamawa cikin ruwa, kamar BioSampler mai zuƙar lita 12.5 a minti da Coriolis da ke kaiwa lita 300 a minti. Rukuni na ƙarshe shi ne na masu kumbura ɗigon da tururi kafin su sauke shi a hankali cikin ruwa. Sun fi barin ƙwayar da ranta, kuma da irinsu ne masu bincike a Filorida suka samo korona mai rai a iskar ɗakin asibiti a 2020, a nisan mita 2 zuwa 4.8 daga marasa lafiya. Tsadarsu da nauyinsu sun sa ba kowane asibiti zai same su ba.

Ga asibitin da ke fama da ɗaukewar wuta, na fi ganin dacewar na'ura mai batir, ko dai ta matata ko ta NIOSH. Wadda ke dogara da soket za ta tsaya a tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, kuma idan ba wanda ya lura da mintunan da aka rasa, lissafin yawan iska ya rushe gaba ɗaya.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, inda nauyin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 13 cikin 100. Ma'aunin gudun iska da aka daidaita a Legas ko a masana'antar da ta ƙera shi zai iya nuna lambar da ba ita ce gaskiya ba a nan. Don haka a daidaita gudun a cikin asibitin, da matata irin wadda za a yi aiki da ita a haɗe, a auna kafin a fara, a sake aunawa bayan an gama. Idan awon biyu suka bambanta da fiye da kashi 5 cikin 100, a rubuta hakan a jikin takardar samfurin kuma kada a dogara da shi wajen lissafi.

Hunturu yana zuwa da matsala biyu. Ƙurarsa tana toshe matata ta rage gudun iska, sannan idan ta bi samfur zuwa ɗakin gwaji tana iya danne aikin sinadaran PCR, wato gwajin da ke ninninka kayan gadon ƙwayar don a gano ta, har ƙwayar da ke nan ta ƙi bayyana. Bushewar iskarsa kuma tana ƙafar da ruwan da ke cikin BioSampler da Coriolis da sauri, tana busar da gelatin har ya tsage. Maganin shi ne a gajarta lokacin kowane samfur, a riƙa duba ruwan ana cika shi da tsabtataccen ruwan ajiya zuwa layinsa, a kuma rubuta abin da ya rage a ƙarshe. A tsakiyar damina lamarin yakan juya, domin danshin Agusta yana iya jiƙa gelatin ya fara narkewa tun yana kan na'ura.

Wurin ajiye na'ura ya danganta da wanda ake son karewa. Idan ma'aikaci ne da ke tsaye, a ɗora bakinta a tsayin kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Idan maƙwabcin gado ne da ke kwance ko mai jinya da ke zaune, a sauko da ita daidai fuskarsu. Tsarin da ya fi ba da ma'ana shi ne a jera su a nisa daban-daban a lokaci guda: ɗaya a mita ɗaya daga kan mara lafiya, ɗaya a mita biyu zuwa uku, ɗaya a teburin nas-nas, ɗaya a baranda. Kada a manta da banɗaki da wurin da ma'aikata ke tuɓe kayan kariya, domin a awon da aka yi a asibitocin Wuhan a farkon 2020 waɗannan wurare biyu suna cikin inda aka fi samun alamar ƙwayar a iska. A guji ajiye na'ura a bakin taga ko a ƙarƙashin fanka kai tsaye, sai dai idan wurin ne ake son aunawa da gangan.

Muddin na'ura tana aiki, wani ya zauna da takarda yana rubuta abin da ke faruwa: tagogi nawa ne a buɗe, ana kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, mutum nawa ne a ciki har da masu jinya da 'yan dubiya, ko an sa wa wani nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani feshi don a shaƙa, ko an zuƙe majina, ko an kakkaɓe zanin gado, ko an yi shara da busasshiyar tsintsiya, da zafin ɗakin da danshinsa. Wannan takarda ita ce rabin aikin. Lambar da za ta dawo daga ɗakin gwaji ba za ta iya bayyana dalilin da ya sa samfurin ƙarfe goma ya ninka na ƙarfe biyu ba, amma layi ɗaya da ke cewa an gyara gadaje a lokacin zai iya.

Shafo saman kayayyaki

Wannan ya fi araha kuma ya fi yawan ba da sakamako. Tsinken da ya dace shi ne mai kan zaren roba, wato nailan ko foliyesta, da sandar roba. A guji mai auduga da sandar katako, domin yana iya ɗauke da abubuwan da ke hana PCR aiki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a farkon 2020 ta ba da shawarar shafa fili mai faɗin murabba'in santimita 25, wato 5 sau 5. A yanka taga mai wannan girma a takarda mai kauri, sabuwa ga kowane wuri. A jiƙa kan tsinken da ruwan ajiyar bairos, a matse shi a jikin kwalba don kada ya yi ɗiga, a shafa filin da ɗan ƙarfi daga gefe zuwa gefe, sannan daga sama zuwa ƙasa ana murza tsinken tsakanin yatsu, a karya shi a cikin kwalbar, a rufe, a rubuta lamba nan take. A sauya safar hannu tsakanin wuri da wuri. Abin da ba shi da shimfiɗaɗɗen fili, kamar hannun ƙofa ko makunnin fitila, a shafe shi duka a rubuta cewa haka aka yi, kada a ƙirƙira masa faɗi.

Jerin wuraren da littattafan ƙasashen waje ke kawowa yana da kyau: ƙarfen gefen gado, teburin gefen gado, ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa, na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, abin sauraren ƙirji, madannan kwamfuta, kan famfo, mazaunin masai. Sai dai bai san ɗakunanmu ba. A nan mai jinya ne ke ciyar da mara lafiya, ya riƙe masa kwanon tofar da kaki, ya fita sayen magani, ya dawo ya kwana a tabarma a gindin gado. Don haka a ƙara da butar da mutum biyar ke ɗauka a rana, da marfin kular abinci da filas ɗin shayi, da kujerar mai jinya, da soket ɗin da kowa ke cajin waya a jikinsa, da wayoyin kansu idan masu su sun yarda. A ƙara da wuri ɗaya ko biyu da hannu ba ya kaiwa, kamar fiffiken fankar sama ko saman gilashin taga ko ragar mafitar iska. Idan aka sami ƙwayar a can, iska ce ta kai ta, kuma wannan shaida ce da ake samu ba tare da na'urar zuƙar iska ba.

A rubuta lokacin da aka yi guga ta ƙarshe da abin da aka yi ta da shi. A wani binciken Singafo da aka wallafa a Maris 2020, ɗakin da aka shafo kafin a goge shi ya nuna ƙwayar a wurare 13 cikin 15, ɗakunan da aka shafo bayan guga kuwa ba su nuna komai ba. Idan ana son gwada ingancin guga, a shafa wuri kafin a goge, a jira ya bushe sarai bayan an goge, sannan a shafa filin da ke maƙwabtaka da na farko, ba shi kansa ba, tunda tsinken farko ya riga ya kwashe abin da ke wurin. Ragowar ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 da ake goge kayayyaki da shi yana ci gaba da lalata ƙwayar a cikin kwalba, saboda haka a nemi ɗakin gwaji ya ƙara sinadarin da ke kashe kaifinsa, kamar sodiyam tayosalfet. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi rai: wasu ruwan ajiya da ke kashe bairos nan take suna ɗauke da sinadarin guwanidin, wanda idan ya haɗu da bilic yake fitar da iska mai guba. Kada a zuba ragowarsu a bokitin bilic.

Samfurin shaida da sanyi

A cikin kowane samfur goma a sa aƙalla ɗaya na shaida: matata ko tsinke da aka kai ɗakin, aka buɗe, aka rufe, ba a zuƙi iska ko an shafa komai da shi ba, aka ba shi lamba kamar sauran ta yadda mai gwaji ba zai gane shi ba. Idan ya fito da ƙwaya, to gurɓata ta shiga daga hannu ko kayan aiki, kuma sakamakon wannan rana duka abin tuhuma ne.

Samfur ya shiga akwatin sanyi da zarar an rufe shi. Yana iya zama a digiri 2 zuwa 8 har sa'o'i 72. Idan zai wuce haka sai firiza mai digiri 70 ƙasa da sifili. Firizar gida da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ta fi firji illa, domin daskarewa da narkewa a kai a kai suna farfasa ƙwayar. Sanyin Jos ba ya maye gurbin ƙanƙara, balle idan za a bi hanyar Akwanga da Keffi zuwa Abuja, inda zafi ke ƙaruwa da zarar an gangaro daga tudu. A naɗe samfurin hawa uku, kwalba a cikin mazubi mai murfi da abin tsotse ruwa, mazubin a cikin akwati, a sa ma'aunin zafi a ciki, takardun kuma a wata leda daban.

Lissafi da ma'anar sakamako

A ɗakin gwaji za a fitar da RNA, wato kayan gadon ƙwayar, a ninninka shi da PCR. Na'urar tana ba da lamba da ake kira Ct, wadda ke nuna zagaye nawa aka yi kafin alamar ta bayyana. Ƙaramar lamba tana nufin ƙwaya mai yawa, kuma kowane bambanci na zagaye 3.3 daidai yake da ninki goma. Samfurin muhalli yakan zo da Ct mai girma, sau da yawa sama da 30, kusa da iyakar abin da gwajin ke iya gani, don haka a roƙi a gwada kowanne sau biyu, a kuma zuba masa sanannen adadin wata ƙwaya marar illa, kamar MS2, tun kafin a fitar da RNA, domin a gane ko ƙura ta danne gwajin.

Ct kaɗai bai isa a kwatanta ɗaki da ɗaki ba. Dole a mayar da shi adadin kwafi a kubik mita na iska ko a murabba'in santimita na fili. Ga misali da lambobin da aka zaɓa don koyarwa kawai. Na'ura ta zuƙi lita 3.5 a minti na tsawon minti 180, wato lita 630 ko kubik mita 0.63. An wanke abin da ta kama a mililita 1, an ɗebi maikirolita 140 (maikirolita dubu ne ke yin mililita ɗaya) an fitar da RNA a cikin maikirolita 60, an sa 5 a gwaji, aka sami kwafi 10. Maikirolita 60 ke nan suna da kwafi 120, mililita ɗin gaba ɗaya yana da kusan 857, idan aka raba da 0.63 sai a sami kimanin kwafi 1,360 a kubik mita. Baligi da ke hutawa yana shaƙar kusan rabin kubik mita a sa'a, daga nan mai karatu zai iya ƙiyasta abin da ke shiga hancin mai jinyar da ya kwana a wurin.

Wannan lissafi yana tona wani abu da rahotanni da yawa ke tsallakewa. Idan mafi ƙarancin abin da gwajin ke gani kwafi 5 ne, to da wannan tsari duk iskar da ke ɗauke da ƙasa da kwafi 680 a kubik mita za ta fito a matsayin wadda ba a ga komai a cikinta ba, tun ma kafin a lissafa abin da ya maƙale a jikin na'ura bai fito ba. Saboda haka kada a taɓa rubuta cewa iskar ɗaki ba ta da ƙwayar cuta. A rubuta cewa ba a gano ta ba a cikin lita kaza, da gwajin da iyakarsa kaza ce.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, samun RNA ba ya nufin ƙwayar tana da rai, kamar yadda ganin toka a murhu ba ya nuna ko akwai sauran garwashi. RNA yana iya daɗewa a kan ƙarfe bayan ƙwayar ta daina iya kama kowa. Gwajin da aka wallafa a Maris 2020 ya nuna korona tana rayuwa har sa'o'i 72 a kan roba da ƙarfe marar tsatsa, sa'o'i 24 a kan kwali, 4 a kan tagulla, amma a ɗakin gwaji aka yi shi, da ƙwaya mai yawa da zafi da danshi da aka tsare, ba a ɗakin kwanciya mai rana da iska ba. Tabbatar da rai yana buƙatar a shuka samfurin a kan ƙwayoyin halitta, irin su Vero E6 ga korona da MDCK ga infuluwenza, a ɗakin gwaji mai matakin kariyar da ya dace, kuma da wuya shukar ta kama idan Ct ya yi girma. Wanda ke da niyyar shuka kada ya yi amfani da ruwan ajiya mai kashe ƙwaya. Ga yawancin tambayoyin asibiti ba a buƙatarta: idan RNA yana kan teburin nas-nas, hanyar da ya bi ya je can a buɗe take, ko da ƙwayar da aka kama ta riga ta mutu.

Awon da kowane asibiti zai iya

Inda kuɗin PCR ya gagara, ko kafin a kashe shi, a auna musayar iskar ɗakin da ƙaramin ma'aunin iskar CO2 (iskar da jiki ke fitarwa a numfashi), wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba. Iskar waje tana da kimanin kashi 420 cikin miliyan, numfashin da mutum ke fitarwa yana da kusan 40,000, don haka hauhawar lambar a ɗaki tana nuna yawan numfashin wasu da ake sake shaƙa. Hukumomi da dama suna ɗaukar 800 a matsayin iyakar da ya kamata a zauna ƙasa da ita. Na'urar ba ta ganin bairos, kuma ba ta nuna aikin matatar da ke tace iskar ɗaki, amma tana aiki dare da rana, kuma daren ne abin dubawa a Jos, lokacin da sanyin Disamba da Janairu ke sa a rufe kowace taga a toshe kafofinta da zani.

Ana iya fitar da adadin musayar iska a sa'a ta hanya mai sauƙi. Bayan mutane sun fita daga ɗaki, kamar ɗakin jiran ganin likita idan an tashi, a rubuta lambar kowane minti, a cire ta waje daga cikinta, a ga minti nawa ragowar ta ɗauka kafin ta koma rabi, sannan a raba 42 da waɗannan mintuna. Idan ta ɗauki minti 7, musaya 6 ke nan a sa'a. Idan minti 21, musaya 2 kacal. Ma'aunin ɗakin killace masu cutar da ke bin iska shi ne musaya 12 a sa'a, wadda ke kawar da kashi 99 cikin 100 na ɗigon da ke yawo a cikin minti 23, alhali musaya 2 tana buƙatar minti 138. Ga ɗakunan da suka dogara da tagogi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lita 60 a daƙiƙa ga kowane mara lafiya a ɗakin kwanciya na gama-gari, da lita 160 a ɗakin killacewa. Binciken da aka yi a asibitocin Lima ta ƙasar Peru, wanda aka wallafa a 2007, ya sami matsakaicin musaya 28 a sa'a idan an buɗe tagogi da ƙofofi, kuma tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi sun kai 40, abin da ya kamata a tuna kafin a toshe tagogin tsohon ɗaki a sa masa na'urar sanyaya iska wadda ke juya iskar ciki kawai.

Idan awon ya sa an yi gyara, ko an bar tagogin sama a buɗe an ƙara wa marasa lafiya barguna, ko an rage masu jinya zuwa ɗaya a gado, ko an sa buta da soket a jerin abin da ake gogewa, a sake awon a wuraren nan dai, da na'urar nan, a irin wannan sa'a, da adadin marasa lafiya kusan ɗaya. A kuma maimaita shi sau ɗaya a tsakiyar hunturu da sau ɗaya a tsakiyar damina, a ajiye takardun biyu tare da zanen ɗakin da ke nuna inda kowace na'ura ta tsaya.